Tunkiyar da Inna Ta Ce a Bari

Na yi furfura a aikin malamin dabbobi, amma har yau in na ɗaga jelar tunkiya sai gabana ya faɗi.

Shekarata ta biyu ce a aiki, karatu na ta hayaƙi a kaina. Aka turo mu daga Gusau zuwa Kekun Waje da wata allura mai sa tumaki su nemi rago lokaci guda, don a kawo musu manyan raguna a yi barbara.

A can na gamu da wata tsohuwar Bafulatana, kowa Inna yake ce mata. Daga dajin Tsafe ta gudo. Ɓarayin daji sun kashe ɗanta, sun kore garkensa kaf, sai tunkiya ɗaya da ta tsira don tana ɗaure a bayan bukka. Maƙwabta ne suka jawo tunkiyar cikin layin allurar, wai ita ma ta amfana.

Inna ta riƙe igiyar. "Malam, a bar wannan. Tana da ciki. Ragon ɗana ya hau ta kafin su zo."

"Yaushe?"

"Wata guda bai cika ba."

Na durƙusa na lallatsa cikin, ban ji komai ba. To me hannu zai ji a wata guda? Amma a lokacin gani nake yatsuna sun fi kowa sani.

"Ba ta sake neman rago ba," in ji ta. "Na ƙirga kwanakin."

Abin takaicin, na san wannan sarai. An koya mana cewa ɗan tayin tunkiya, tun yana siriri kamar zare, yake sakin wani sinadari da ke sanar da mahaifa yana nan. In saƙon ya isa, jikin uwar ya riƙe shi, ba ta ƙara kula rago. In bai isa ba, bayan kwana goma sha bakwai ta koma nema. Allurar da ke hannuna kuwa aikinta ke nan, warware wannan riƙon. Na rubuta duka a jarrabawa, har na ci. Amma ga layi, ga rana, ga tsohuwa tana ja da ni a gaban mutane. Na ce, "Inna, ki bari mu yi aikinmu." Na tsira mata allurar.

Bayan kwana huɗu muka koma da ragunan. Tun daga nesa na hango tunkiyar tana kaɗa jela tana jan igiya wajensu. Na je na duba. Akwai guntun jini da ya bushe a gashin. Abin da ya rage na irin ragon mamacin ke nan, kuma ni na zubar da shi.

Inna tana tsaye a bayana. Da ta zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

"Ɗana," ta ce, "kai ka yi karatu, faɗa mini tsakani da Allah. Akwai cikin, ko ni ce na sa wa raina?"

Tsoro ya kama ni. Na ce, "Dama babu komai, Inna."

 Sai ta gyaɗa kai.

"Alhamdu lillahi. Tsufa ne, ƙirga ya fara kwance mini. Ka yafe gardamar da na yi maka."

Ta kwance igiyar, ta ja tunkiyar da kanta zuwa wurin baƙon ragon.