Ranar da Tumbin Turawa Ya Dawo Min da Hancina

Shekarun baya, lokacin korona, muna zaune a unguwar Titiwangsa ta ƙasar Malesiya, maigidana yana digirinsa na uku, cutar ta kama ni. Allah Ya tashi kafaɗata, amma ta tafi da hancina da harshena: ba ƙamshi, ba ɗanɗano. Ni da maƙwabta ke aiko kwano a zuba musu miyata, na koma zuba gishiri da ka. Yara su yi loma biyu su ce, "Ummi, a yi tapau mana," wato a sayo na waje. A sujada nakan roƙi Allah Ya mayar min, ko don bakin yaran nan.

Da aka sassauta kulle, maigida ya ce zai kai ni wani gidan abinci da ake girkin mutanen Sikotilan, ƙasar da ya yi digirinsa na biyu. Na ce, "Abban yara, asara za ka yi, ni yanzu da tuwo da takarda duk ɗaya ne." Ya ce, "To ki raka ni ki yi kallo."

Aka auna zafin jikinmu a ƙofa, aka zaunar da mu nesa da kowa. Na sa shi tambayar ko halal ne har sai da mai wurin, wata 'yar Malesiya, ta fito tana dariya ta cikin takunkumi: "Halal lah, halal ne, ni na sayo naman."

Na sha ado ina jiran abincin Turawa, sai ga wani dunƙule a faranti, wai hagis. Maigida ya tsaga shi, tururi ya taso, na sauke takunkumi. Ƙarni! Irin na ranar Layya in mahaifiyata ta ɗora kayan ciki a tsakar gida.

Na ce, "Wannan ai tumbi ne aka cusa wa hanta da huhu!"

Ya ajiye wuƙa. "Wa ya gaya miki?"

"Wari yake min mana."

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa. Na fashe da kuka ina shinshinar faranti kamar mage, baiwar Allah tana tambaya ko yaji ne ya yi yawa. Na cinye nawa, na ja rabin nasa. Da muka koma gida na ɗanɗana miyar da na bari a firij, na ji gishiri ya yi mata katutu, nan na san irin haƙurin da maigida, bawan Allah, ya sha.

Har yau in ina wanke kayan ciki 'yata ta toshe hanci ta gudu, ni sai in ce Alhamdulillah. Ban san jin wari ma ni'ima ba ne sai da na rasa shi.