Sista Fatu da Ƙwallayen Dabino Arba'in da Biyu

Hausawan unguwar Kurayyat kashi biyu ne: jikokin alhazan da suka zauna a nan Jidda tun da daɗewa, da mu da aiki ya kawo. Ba mu rasa asibiti ba. Abin da tsofaffinmu suka rasa shi ne wanda zai tambaye su da harshensu, ya kuma jira amsa. Shi ya sa a wurinsu duk zazzaɓi na cizon sauro ne, maganinsa kuma yana cikin jakar wanda ya zo Umara daga gida.

Wannan giɓi Sista Fatu Zaharadden ta cike, shekara ashirin da shida, a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Azare. Ƙarfe bakwai na safe tana bakin ƙofa. Ta duba sanyin firjin allurai, ta jera kwalaben ɗibar jini, sannan ta jawo kujera kusa da mara lafiya. Likita yakan tambayi inda ke ciwo. Ita kuwa tambayarta har ta zama abin tsokana a unguwa: "Me aka sha? Me aka yanka?" Mahauta da yawa sun ce wannan tambaya ce ta raba su da ciwon bayan da suka ɗauka gajiya ce.

Ga abin da na gani da idona. A cikin yaran da nake koya wa karatun Hausa ran Asabar akwai Ruba, 'yar shekara tara. Bara ta daina zuwa. Zazzaɓi ya taso mata da la'asar, ta jiƙe da gumi, da safe ya sauka kamar ba a yi ba. Kakarta, Hajiya Shatu, ta ba ta maganin zazzaɓin sauro har sau uku. Wata biyu ana haka, sai ƙugunta ya riƙe, ta fara ɗingishi. Ni na raka su asibiti.

"Hajiya, me ake ba ta ta sha?" in ji Sista Fatu.

"Abin da ya fi komai. Madarar raƙumi, daga hantsa sai kofi. Duk Juma'a babanta yana kai mu wurin masu raƙuma a bayan gari. Da ta fara ramewa ma ninka mata na yi."

"Ana tafasawa?"

"In tafasa in kashe mata amfani? Ni da ita na girma. Dubi haƙorana."

"Sitti, ai waɗannan na likita ne," in ji Ruba daga kan gado. Haka take kiran kakarta, irin na Larabawa.

"Ji 'yar nema. Ciwon bai kama bakin ba."

Sista Fatu ta yi dariya, ta ɗebi jinin yarinyar, ta roƙi likita a nemi cutar da Larabawa ke kira hummal maltiya. Ƙwayar cuta ce da ke zaune a jikin raƙumi, akuya ko saniya, ta shiga mutum ta ɗanyar madara ko ta jinin dabba. Ita aka samu.

Hajiya Shatu ta ce, "Ashe da hannuna nake ba ta."

"Ba ki sani ba, Hajiya. Da hannun nan kuma za ki ba ta magani," in ji Sista Fatu.

Likita ya rubuta magani iri biyu na mako shida. A nan haɗarin yake, domin zazzaɓin yakan sauka cikin 'yan kwanaki, a ajiye magani, cutar ta dawo ta zauna a gaɓɓai. Sista Fatu ta san mutanenta. Ta ƙirga ƙwallayen dabino arba'in da biyu a kofi, ta ba Ruba tare da wani kofin da babu komai. "Duk ranar da kika sha magani, ki mayar da ɗaya nan."

Rana ta goma Hajiya ta ce, "Halas, shi ke nan, ta warke, magani ya isa." Ruba ta ɗaga mata kofi: "Saura talatin da biyu, Sitti." Da gardama ta yi tsawo, Sista Fatu ta tashi daga aiki ta hau benen gidan da kanta. Ta zauna har aka sha, ta kuma sa aka auna sauran mutanen gidan.

Sista Fatu, ke ce mai tambayar da ba a so, mai haƙurin jiran amsa. Ba ki taɓa kunyata tsohuwa don al'adarta ba, ba ki kuma bar al'adar ta gurgunta yarinya ba. Mun gode. Allah ya saka miki, ya kai ki Azare lafiya. Ku kuma matasanmu masu aikin jinya, ku jawo kujera kamar yadda take jawowa.

Ruba ta dawo aji da ƙafafunta, babu ɗingishi. Na ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya koya a bana. Ta rubuta: "Madara sai an tafasa. Magani sai ya ƙare, ko da jiki ya yi sanyi."