Zanen da Mama ta zo da shi

Da yayana zai tafi karatu ƙasar waje, a hannuna ya bar laftof ɗinsa. Manhajar Linux ya saka mata, ya haɗa 'yar kyamara, ya nuna mini yadda zan soka wayar intanet ta ofishin da nake buga takardu a Samaru mu ga juna. Ya ce, "Auta, kunnawa da kashewa kawai. Kada ka taɓa komai."

Shekara biyu ina bin maganarsa. Sai Mama ta aiko daga ƙauye cewa za ta zo. Muryar ɗanta tana ji a waya, fuskarsa take so ta gani. Kwana uku kawai za ta yi, don citta ta isa haƙa. Muka sa ranar Asabar.

Ranar Laraba kwamfutar ta nuna akwai sabon kanel, wato zuciyar da komai ke tafiya a kanta. Na ce bari Mama ta tarar da abu sabo, na danna. Da ya gama, sai na ga sunaye biyu a jerin da ke fitowa wajen kunnawa, tsoho da sabo. Ni kuwa an koya mini a wurin aiki cewa idan ka buga sabuwar takarda, ka yaga tsohuwar don kada a rikice. Na bi na goge tsohon, har ina jin daɗin tsabtata.

Na soka waya, ɗan koren hasken da ke ƙyaftawa bai kama ba. Na cire, na hura ramin, na mayar. Shiru.

Mama ta sauka a ɗakina a Palladan ranar Alhamis. Ta kwance ƙunshi ta fito da sabon zane.

"Wannan zan ɗaura masa. Zai ga launin sosai, ko?"

"Zai gani, Mama."

Washegari na kai laftof ɗin unguwar PZ wurin wani mai gyara, mutumin kudu mai Hausar kasuwa. Ya daddanna, ya yi dariya.

"Oga, katin intanet na cikin laftof ɗinka lafiya lau. Sabon kanel ne bai san direbansa ba, fayil ɗin da ke sa katin aiki. Sai ka sauko da wani daga intanet."

"Ai intanet ɗin ne ba ta shiga."

"To ka gani! Makulli yana cikin ɗaki, ɗaki a kulle."

Na ɗauki filas, ɗan abin kwasar fayil, na tafi kafen intanet a Samaru. Na kwaso fayil ɗin, na kawo, kwamfutar ta ce yana buƙatar wani. Na koma na kwaso wannan, shi ma ya nemi nasa. Sau biyar ina wannan zirga-zirga. A kafen na tambaya ko suna da kyamara, suka ce ko lasifika ba su da ita. Sai a nan na rubuta wa Yaya, ban faɗi abin da na yi ba, na ce kati ya daina aiki.

Da safiyar Asabar amsarsa ta zo, layi ɗaya: "Ba komai, wajen kunnawa ka zaɓi tsohon kanel, yana nan a jerin."

Na daɗe ina kallon layin nan.

Na koma gida na tarar Mama ta ɗaura zanen, ta zauna bakin gado da jakarta a cinya.

"Auta, mu tafi?"

Na ce wutar lantarki ce ta zo da ƙarfi ta ƙona abin. Haka na faɗa, ina kallon ƙasa.

Ta ce, "Kai dai ba ta taɓa ka ba? To, mun gode wa Ubangiji."

Ta shiga ta sauya kaya, ta ninke zanen a kan layin gugarsa. Ranar Lahadi bayan sujada a coci na raka ta tasha. Da mota za ta tashi ta leƙo ta taga.

"Idan ya gyaru, ka duba mini ko ya rame."

Sai bayan mako uku aka aiko mini da faifai mai ɗauke da direban daga Kaduna, abin ya gyaru. Na ga Yaya, ya rame ƙwarai. Na aika wa Mama cewa ya yi ƙiba, kuma har yau ban gaya mata gaskiyar maganar wutar ba.