Katunan Lamidi da Aka Rufe a Leda

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhaji Lamidi makwancinsa. A shekarun baya, in wannan lokaci ya zagayo, addu'a nake yi masa in ci gaba da harkokina. Bana kuwa da fargaba ya same ni, kuma abin da ya jawo ta bai wuce wani tsohon gwangwanin biskit ba.

Ga wanda bai san shi ba, Lamidi Bayarabe ne haifaffen Fagge, kakansa ne ya zo Kano da fatauci ya zauna. Shagonsa na jikin nawa a Kasuwar Singa, ni ina sayar da sabulu da man shafawa, shi alawa da cingam, kwali-kwali. A wancan zamani akwai wani cingam da ake saka katin ɗan ƙwallo a cikin kowane ƙunshi, yara na tarawa suna musaya a tsakaninsu. Wani lokaci injin buga katin yakan yi kuskure. Sai ka ga hoton mai tsaron gida da sunan wani ɗan wasa daban a ƙarƙashinsa, ko launi ya goce mutum ya fito da fuska biyu, ko tutar ƙasa ta zo a kife. Yara su yi ƙorafi, masu tireda su dawo da kayan ransu a ɓace. Lamidi bai taɓa musu da su ba. Yakan canza musu, ya zare katunan da aka ƙi ya jefa a gwangwani tare da wasu lafiyayyu da yake ajiyewa. Na sha tsokanarsa cewa gandamemen dattijo da gemu ya zauna yana tara tarkacen yara. Dariya kawai yake yi.

Ranar rabon gado, malamin da ya zo ya tambayi ko akwai sauran abin da ba a kawo ba. Matar marigayin, Alhaja Sidikatu, ta fito da gwangwanin. Aka buɗe, aka yi murmushi, 'ya'yan duka suka ce a bar mata, wannan ba dukiya ba ce. Ina wurin aka yi.

To, duniya ta canza. Babban ɗansa Mutiyu shi ya gaji shagon, kuma kasuwa ta juya masa baya, rabin kantocin ba komai a kansu. A watan jiya ya zo mini da waya a hannu. Ya nuna mini yadda mutane a ƙasashen waje suke rububin tsofaffin katunan 'yan wasa, wai masu kuskuren bugu sun fi daraja saboda ƙarancinsu. Kafin ya iso wurina ya riga ya cika shagon nan da kaya a cikin ransa. Na ce ya bi a hankali, ba kowane kati ba ne. Bai ji ni ba. Ƙannensa kuma suka sami labari, aka fara cewa a sake zaman gado. Gidan da ban taɓa jin an ɗaga murya a cikinsa ba, sai ga shi maƙwabta suna tambayata ko lafiya.

Aka tsaya a kan ni, abokin mahaifinsu, in kai katunan wurin wanda ya san su. Alhaja ta naɗo gwangwanin a ɗankwali ta miƙo mini. Muka hau adaidaita sahu ni da Mutiyu zuwa Sabon Gari, wurin Emeka mai gyaran agogo, wanda yake saya wa mutanen Legas tsofaffin tsabar kuɗi da kan sarki da irin waɗannan abubuwa. Tun kafin ya buɗe ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ana duba tsufan kati, ana duba ko irinsa na da yawa a hannun mutane, ana duba ko kuskuren daga masana'anta ya fito. Amma abin da ya fi komai shi ne lafiyar katin: kada ya karye, kada kusurwarsa ta lanƙwashe, kada a yi masa wani gyara.

Katunan da ke sama lafiyayyun ne, sun koɗe, kuma Emeka ya ce irinsu sun yi yawa. A ƙasa, cikin farin ƙyalle, masu kuskuren suke. Kowanne an yi masa laminatin, an manne shi cikin leda mai ƙarfi da injin zafi, an datse gefensa tsaf, sai sheƙi yake. Emeka ya daɗe yana juya ɗaya a hannunsa kafin ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Mutiyu ya amsa da alfahari cewa mahaifiyarsa ce. Wata damina ɗakinta ya yi yoyo, gara ta fara shiga akwati, sai ta kwashi takardun makarantarsu da waɗannan katunan da ta san mijinta ya fi so, ta kai aka rufe su gaba ɗaya.

"Alhaji," in ji Emeka, ni yake kallo ba yaron ba, "da an bar su cikin datti da sun fi haka. Zafi ya haɗe leda da takarda. In ka ɓare, fuskar mutumin za ta biyo ledar. Masu saye ba sa taɓa irin wannan."

Na tambaye shi, da ba a rufe su ba fa? Ya ce ba zai rantse ba. Wataƙila kaɗan daga ciki su kawo wani abin kirki, wataƙila kuma ba su kawo komai ba, sai an aika waje an tantance. Ni na ji duka biyun. Mutiyu na farkon kawai ya ji. A wajen tashar jirgin ƙasa ya sauka daga adaidaita ba ko sallama, kuma tun ranar bai taka gidan uwarsa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wa zai gaya mata cewa laminatin ɓarna ne a duk faɗin Fagge? Mu nan abin da muke jin tsoron rasawa shi muke kai wa mai laminatin: takardar haihuwa, takardar fili, hoton iyaye. Ba ta taɓa sanin sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Ta dai san abin da hannun mijinta ya saba taɓawa.

Ni na mayar mata da gwangwanin, kuma ban ɓoye mata komai ba. Ta ce, "Wato yanzu babu mai sayensu?" Na ce babu. Ta jawo shi jikinta, na ga ta sauke ajiyar zuciya, ashe duk zatonta ba za su dawo ba. Sai kuma ta dubi bayana ta ga ni kaɗai na shigo, ta gane. Ta ce a hankali, "Da na san yaron nan zai buƙace su, wallahi da ban taɓa su ba." Wannan magana ta hana ni sukuni har yau, don matar nan ba lafiya ce ta ishe ta ba.

Nakan tambayi kaina me Lamidi zai ce da ya ga wannan zamani, da ake ɗora wa tarkacen cingam farashi a waya har ɗa ya ƙaurace wa uwa. Ina jin da farko zai yi dariya har ya riƙe ciki. Daga baya zai ja Mutiyu bayan shago, kamar yadda ya saba in zai yi faɗa don kada a ji, ya tambaye shi abin da ya rasa wanda dama yana hannunsa. Ni na gwada, amma ba ni da bakin Lamidi. Na je shagon, yaron ya gaishe ni da ladabi, ya ba ni kujera, ya ce ba fushi yake ba. Idonsa dai bai yarda ya haɗu da nawa ba.

In na auna abin da Lamidi ya bari, shago yana tangal-tangal, katuna sun tashi a banza a idon kasuwa. Abin da ya rage shi ne gidan da ya gina a kan haƙuri da sauƙin kai, kuma shi nake tsoron kada ya tsage ina raye ina kallo. Ban sani ba ko wannan hali ya gangaro wa ɗansa, ko kuwa tare da Lamidi muka binne shi. Allah Ya jiƙan abokina, Ya sa ya huta.

Ranar Juma'a mai zuwa za a taru a gidan a yi masa addu'a. Jiya na leƙa na tarar da Alhaja tana auna shinkafar sadaka. Na ce mata har yanzu Mutiyu bai ce zai zo ba. Ba ta ɗago kai ba, ta ƙara mudu guda ta ce ta sa har da na iyalinsa.