Makirfo Mai Kallon Gefe

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunana ba, ba ta kuma taɓa zama ta yi hira da ni ba. In na shigo sai ta yi shiru. In tana da saƙo sai ta ba ƙanwata ta faɗa mini, ko da ina tsaye a gabanta. Ban ga laifinta ba, haka ta tarar ana yi. Amma abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna. Shagona a garin Isa ɗaki ɗaya ne, nan nake aiki, nan nake kwana. Sai in yini ni kaɗai ina haɗa hotunan mutane, ina jin uwayen wasu suna guɗa, suna kiran 'ya'yansu da suna ɓaro-ɓaro suna sa musu albarka. Ni da na tara muryoyin rabin gari a kaset, ba ni da ta uwata ko ta minti ɗaya.

Shekarar da Baba ya rasu aka yanke cewa bayan kaka Inna za ta koma wurin ƙanwata, wadda ke aure a tsallaken iyaka, gaba da Burkusuma. Hanyar ba kullum take biyuwa ba. Waya kuwa ba ta da amfani, don in na kira sai ta miƙa wa wani. Na ce lallai in ɗauki muryarta kafin ta tafi.

Na je ƙauyenmu, can wajen Unguwar Lalle, na saita mata kyamara. Ta ja mayafi ta shige ɗaki. Sai na yi dabara, na juya wajen rumbu kamar shi nake ɗauka, ta kuwa fito ta ci gaba da hira da maƙwabciyarmu. Da na dawo shago na kunna, ba abin da na samu sai numfashina, da ƙarar injin kaset, da wani zakara marar kunya. Makirfon da ke jikin kyamarar inda take kallo nan yake ji.

Ina da wani dogon makirfo mai waya da nake ɗaukar wa'azi da shi. Kyamarar tana da ramin da ake jona shi, amma ba ta da wurin ɗora shi, a hannu ake riƙewa. In na riƙe na nuna Inna da shi kuwa, an gama magana. Abin da nake bukata shi ne ya zauna a jikin kyamarar, ita tana kallon gaba, shi yana kallon gefe.

Ranar kasuwa na tsinci tsohon mariƙin madubin babur wurin masu gyara, irin mai gwiwar nan da ke juyawa ko'ina. Na kai wa mai waldan bakin tasha, wani dattijo mai yawan magana, na ce ya lanƙwasa mini ƙarfe mai faɗi, ya huda shi daidai ramin da ake ɗaura ƙafar kyamara, ya liƙa mariƙin a sama.

Ya juya shi a hannu, ya ce, "Kai dai ba ka rasa wauta. Mi za ka yi da makirho mai duban gehe? Na kowa gaba shika dubi."

Na ce, "Baba, walda nika biɗa, ba shawara ba."

Ya yi dariya ya yi aikin. Da na gwada, sai ga wata matsalar: ƙarfen yana kai wa makirfon duk motsin yatsana, ƙwas-ƙwas. Na yanko robar tsohon tiyub na naɗe mariƙin, na yanki soson katifa na rufe kan makirfon saboda iska, na ɗaure da zare. Abin ya fito da muni, kamar akuya mai ƙaho ɗaya. Ban nuna wa kowa ba.

Saura kwana uku ta tafi na koma. Bayan la'asar ita da maƙwabciyar suna zaune gindin darbejiya suna ɓarar wake. Na tsaya nesa kaɗan, na ba su kafaɗa, na saita rumbu, na karkata makirfon da ɗan yatsa. Ban sa abin ji a kunne ba don kada a gane. Haka na tsaya ina kallon bangon rumbu har hannuna ya sage, ban san ko ina samun wani abu ba.

Washegari da hantsi na kunna a shago. Ga rumbu a allo, ba ya motsi. Ga kuma muryar Inna, tar, kamar a kunnena take magana. Ashe tana da ɗan kaushin murya. Ashe tana da ban dariya. Ta yi zancen gwiwarta, da akuyar da za ta bari, da waken bana da bai yi ido ba. Na kai shekara talatin da wani abu, ranar na fara jin yadda uwata ke hira.

Can sai maƙwabciyar ta rage murya ta ce, "Wai shi wanga mi shika ɗauka ga rumbu tun ɗazu?"

Aka ji ƙarar kwasfar wake. Sannan Inna ta ce, "Ƙyale shi. Tun shina ƙarami haka nan yake, abin da shika so ba shi dubanai." Ta ƙara da cewa, "Ni yab biyo."

Na tsayar da kaset ɗin. A waje masu babur suna ta kiran fasinjan Sabon Birni. Na tashi na tura ƙofar shagon, na zauna a ƙasa na yi kuka, da girmana da gemuna.

Ran da za ta tafi ƙanwata ta zo ɗaukarta, na je rakiya. Ta hau bayan babur, ta gyara ƙullin kayanta, ta ce wa ƙanwata, "Ki ce mai shi koma, rana ta yi." Ina tsaye dab da ita. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.