Ranar da na ba maƙwabcina aron ƙafa

Ko me zan manta a zamana na Faransa, ban da wata Lahadi da na hau dandamali a Paris gaban tsofaffin Turawa masu faffaɗan huluna, alhali ban iya kiɗa ba, ban iya waƙa ba, ko tafi ake yi ma sai na saɓa wa mutane. Shekaru sun ja, wanda ya kai ni wurin ya daɗe da barin duniya, amma ranar tana nan a raina kamar jiya.

Lokacin ina zaune a Vénissieux, gefen Lyon, cikin dogayen benayen nan na Minguettes. Aikina lodin kaya a kamiyo, wato manyan motoci, a wani babban sito. Daga ni sai maiɗakina, ba mu daɗe da aure ba. Ƙofarmu tana kallon ta wani tsoho Bafaranshe da ya yi ritaya daga masana'anta. Matarsa ta rasu, ƴarsa guda ɗaya tana aure a nesa. Da farko gaisuwar cikin asansar, na'urar nan ta hawa bene, kawai ke haɗa mu.

Wata Asabar bayan la'asar ina kwance, sai na ji wani sauti yana ratso bango. Kamar goge, amma ba goge ba. Yakan miƙe ya yi tsawo, ya lanƙwasa, ya sauko kamar mace na rarrashin kanta. Zumbur na tashi zaune, don na san sautin nan. Kawuna direban babbar mota ne tsakanin Damagaram da Kano, kuma yana da kaset-kaset na kiɗan kantiri na Amurka da yake sawa in ya dawo gida yana wanke mota. Tun ina ƙarami nake tambayar kaina wane irin abu ne ke kuka haka a bayan mawaƙin. Ban san lokacin da na fita na ƙwanƙwasa ƙofar tsohon ba.

Ya buɗe yana ba ni haƙuri, ya ɗauka ƙorafi na kawo. Na ce masa a'a, gani nake so in yi.

Abin jita ce, amma an kwantar da ita bisa ƙafafu huɗu kamar ɗan tebur, ba ta da ciki, sai tsirkiyoyi jere. Yana zama a bayanta, hannun dama na tsinkar tsirkiya, na hagu na zamar da wani guntun ƙarfe mai santsi a kansu. A ƙasa kuma akwai matakai da yake takawa da ƙafar hagu, su ne ke jan tsirkiyar ta canja murya. Ya ce sunanta fedal sitil, kuma tun yana saurayi yake kaɗa ta a wuraren rawa duk ƙarshen mako. Na ce masa ai wannan keken ɗinkin babana ne aka sa wa tsirkiya, don a shagonsa na tashi ina taka keke. Ya yi dariya har da tari.

Daga nan Asabar ta zama tamu. Maiɗakina takan aika masa da dambu, ya ce barkono ya yi yawa, amma kwanon a wanke yake dawowa. Ita ta fara ce masa Baba, ni ma na bi. Da muka gaya masa ma'anar kalmar, sai ya gyaɗa kai.

Baba yana da ciwon sukari. Wani rauni ya fito masa a yatsa ya ƙi warkewa, abu kamar wasa har aka kwantar da shi, aka yanke masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Da ya dawo gida a keken guragu, abin da ya fara sa ni shi ne in rufe jitar da zanen gado. Bango ya yi tsit. Maiɗakina ta ce, "Malam, gidan nan kamar an yi rasuwa."

Wata rana ina wurinsa aka kira shi a waya. Wata mawaƙiya ce da ya yi rayuwarsa yana kaɗa mata, yanzu tana zaune a Paris. Ba ta da lafiya, likitoci sun faɗa mata gaskiya, shi ne take so ta tara tsofaffin abokan kiɗanta karo na ƙarshe, ta yi musu waƙa tun tana da murya. Ina ji ya ce mata ba zai zo ba. Ya ajiye wayar, ya juya kekensa yana kallon taga.

Na ce, "Baba, ai hannuwanka lafiya lau suke."

Ya ce, "Hannu magana kawai yake yi. Ƙafa ce ke sa maganar ta yi kuka. Ba zan je in zauna gabanta ina ƙwaƙular waya kamar ɗan koyo ba."

Ban yi wani tunani ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "To ga tawa, ara."

Fuskarsa ta yi ja. Ya ɗauka ba'a nake masa, ya nuna mini ƙofa. Na fita raina a jagule, na yi kwanaki ina kauce wa haɗuwa da shi. Sai ga shi ran nan ya turo kekensa har bakin ƙofarmu. Ko gaisuwa bai yi ba, ya ce, "Zo. Ka bar takalminka a nan."

Haka muka fara. Ina zama a hagunsa kan ɗan kujera, kafaɗata manne da tasa, in miƙa ƙafa cikin safa ƙarƙashin jitar. Matakai biyu kawai ya ba ni. In ya zungure ni da gwiwar hannu in taka, in ya janye in saki. Waƙa ɗaya tak muka kama, mai tafiya a hankali, wadda mawaƙiyar ta roƙa. Ban taɓa ganin malami mai faɗa irinsa ba. "Ba birkin kamiyo ba ne!" "Wa ya ce ka tattaka? Lallaɓa ta!" Nakan dawo daga sito a gajiye, in yi sallah, in wuce wurinsa in sha faɗa, in koma gida da ciwon ƙwauri. Amma sannu a hankali sautin nan ya fara dawowa, har wata rana maiɗakina ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Kai, yau kam ta yi kuka."

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: na san irin wurin nan ba a rasa masu shan giya. Na faɗa wa maiɗakina. Ta ce, "Rakiyar maƙwabci za ka yi, ba sha ba. Sai dai kada ka dawo mini da hular kaboyi." Ta goge mini riga, ta ɗauko hulata ta gida ta ɗora bisa jaka.

Da sassafe muka kama hanya a ƙaramar motar kaya da wani abokin aikina ya ara mini, jitar a baya an naɗe ta da barguna. Baba ya yi ta zuba labari. Ya ba ni labarin yadda ya haɗu da matarsa, ta zo rawa da wani saurayi amma ta ƙare a tsaye gefen jitarsa tana kallon hannunsa. Da muka kusa Paris na tsaya a wurin hutun matafiya na yi azahar, na dawo na tarar da shi yana murza yatsunsa.

Zauren taron a wata unguwa yake a bayan gari. Ciki cike da tsofaffi sanye da huluna da dogayen takalma, suna rawa a sahu, kowa na juyawa lokaci guda. Mawaƙiyar ta taho da sanda, ta rame ƙwarai, kanta ɗaure da ɗankwali. Ta sunkuya ta rungume Baba.

Da aka zo kanmu, abokansa suka ɗaga shi zuwa dandamali. Na cire takalmi na zauna manne da shi, ina jin ƙus-ƙus na tashi a zauren. Mawaƙiyar ta ɗauki makirfo ta ce musu, "Ya bar ƙafarsa a Lyon, amma ya zo da ta maƙwabcinsa." Aka yi dariya, aka tafa. Baba ya ɗauki guntun ƙarfen nan, sai ƙarfen ya suɓuce ya faɗi, ya yi ta gangarawa a kan katako har bakin dandamali. Ya sunkuyar da kai ya raɗa mini, "Mayar da ni gida."

Mawaƙiyar ce ta dogara sanda ta je, ta duƙa da ƙyar ta ɗauko, ta sa masa a tafin hannu ta dunƙule yatsunsa a kai. Ta ce, "Tun muna yara kake makara a kan kowace waƙa, ina jiranka. Yau ma zan jira."

Ya ja numfashi, ya zungure ni, muka fara. Muryarta ta dushe amma tana nan da daɗinta. Baiti na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Sai aka zo inda take yin shiru ta bar masa fili. Na saci kallonsa, na ga ya rufe ido, gwiwar hannunsa ta daina taɓa ni. Ya manta da ni gaba ɗaya. A ransa ƙafarsa tana nan. Gumi ya keto mini ƙarƙashin hula. In na zungure shi na tashe shi daga inda ya tafi, in na tsaya cik kiɗan ya mutu gaban mutanensa. Na yi bisimilla a zuci, ni ma na rufe ido, na bi kunnena. Inda na ji sautin na neman hawa sai in lallaɓa matakin, inda ya gaji in sake shi a hankali. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da na buɗe ido, rawa ta tsaya, wasu tsofaffi sun cire huluna sun riƙe a ƙirji, mawaƙiyar ta juya wa jama'a baya tana share fuska.

Ana tafi ya matso kunnena. Na ɗauka godiya zai yi. Sai ya ce, "Ka yi saurin ɗagawa a ƙarshe." Amma ya ɗora hannunsa bisa gwiwata ya damƙe, bai saki ba har mutane suka zauna.

A hanyar komawa barci ya yi ta yi kamar jariri. Mawaƙiyar ba ta daɗe ba ta rasu, shi kuma ya bi ta da sanyin shekarar. Ba mu sake hawa wani dandamali ba, sai dai Asabar ɗinmu da muka ci gaba da ita har ya kwanta. Ƴarsa ta so ta bar mini jitar, na ce a kai wa wanda zai iya sa ta magana, aka ba wata matashiya da ke koyo. Ranar da aka kai Baba makwanci, ni da maiɗakina muna tsaye a baya, ita ce ta fi kowa kuka.

Da, ina ganin baƙo mai ɗaukar kaya irina ba shi da abin da zai ba ɗan ƙasa, sai dai a ba shi. Baba ya koya mini cewa ba wanda ya talauce har ya rasa abin taimakon maƙwabci. Abin da kake tafiya da shi kullum ba ka ko duba shi, wataƙila shi ne wani ke kwana yana kukan rashinsa, kuma bango ɗaya ne tsakaninku. Mutanenmu sun ce zumunta a ƙafa take. Na tashi ina jin maganar a gida, amma sai da na zo ƙasar Turawa na gane iyakar gaskiyarta.