Mai Sayen da Bai San Giya Ba

Tun da mutumin ya shigo garejin Baba, wan mahaifina, ban yarda da shi ba. Ya ce shi mai tara tsofaffin baburan Ingila ne, ya zo sayen na Baba, amma idonsa na kan ƙofar kicin inda nake tsaye. Ni da Baba ne kawai a gida, maƙwabta kuma a garinmu McLeansville da nisa suke. Yau da ranar rasuwar Baba ta zagayo, abin ya dawo min sabo.

Masu tarawa na gaskiya durƙusawa suke yi, su shafa tankin, su yi wa man da ke ɗiga murmushi. Baba yakan ce, "Hau ka nuna min giya." Wannan ya hau, ya laluba da ƙafar hagu. Alhali giyar baburan Ingila na dā a dama take.

Baba bai juyo ba, ya ce da Hausa, "'Yata, kulle ƙofa, ki kira yayanki."

Ya riƙe shi da hira, sifana a hannu, har motar Yaya ta iso. Da la'asar Baba ya ƙwanƙwasa, rigarsa na warin man inji: "Buɗe, ya tafi, ba abin da zai same ki."

Allah Ya tsare Baba a makwancinsa.